Goshina a Kan Buzun Baba

Kafin in ba ku labarin abin da Hafizu ya yi min, sai na fara gaya muku abin da ƙarar babur take yi min. In ba haka ba za ku ce Rahina ta cika taurin kai, wane irin motsa jiki ne har mace za ta riƙe shi ta saki miji.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, can bayan Birnin Tsaba. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana ina tsakar gida ina shanya geron da na wanke. Ban ga fuskar kowa ba. Ƙara kawai na ji, ta babura masu yawa da suka taho tare, har ƙasa tana amsawa. Inna ta fizgo hannuna muka faɗa cikin dawa muka kwanta, Baba kuma ya nufi garke zai kwance shanu. Ba mu sake ganinsa da rai ba. Da muka koma kwasar abin da ya rage, Inna ta ɗauki tukwane, ni kuma na ɗauki buzunsa na salla, wata tsohuwar fatar rago da gashin wurin goshi ya riga ya cinye.

Kawu Magaji, ƙanen Inna, shi ya ba mu ɗaki da rumfa a gidansa na Kaura, ya samo min keken ɗinki. Allah ya saka masa. Sai dai Kaura garin 'yan kabu-kabu ne, ni kuwa babur ɗaya ba ya damuna, amma da zarar uku ko huɗu sun biyo lungunmu a jere, shi ke nan. Ƙirjina ya kulle, yatsuna su sandare, in buɗe baki ina neman iska kamar kifin da aka jefo kan tudu. Wuyana da bayana kullum a ɗaure. Barci kuwa sai dai in ji ana labarinsa.

Babu abin da Inna ba ta yi ba. Na sha rubutu, na sha hayaƙi har idona ya koma ja, na sha man habbatus sauda. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar hawan jini, ni da ban cika ashirin da uku ba.

Anti Fauziyya ce ta same ni wata rana a durƙushe ƙarƙashin keke, ta kawo ɗinkin atamfa. Ma'aikaciyar jinya ce, irin matan nan masu ƙaramin jiki da ba sa ɗaga murya. Ba ta yi salati ba, ba ta kira kowa ba. Zama ta yi a ƙasa ta ɗora tafina a kan cikina.

"Ja iska ta hanci har hannunki ya ɗaga. Yauwa. Sake ta a hankali, kamar kina hura kunu mai zafi."

Da na dawo hayyacina ta ce, "Rahina, wannan ba iska ba ce, zuciyarki ma lafiyarta ƙalau. Jikinki ne har yanzu bai san kun baro ƙauye ba. Sai mun koya masa."

Ita ta koya min. In miƙe hannuwa sama, in sunkuya in taɓa ƙasa, in dafa da tafuka in ɗaga ƙugu, sannan in durƙusa in ɗora goshi a ƙasa in miƙa hannuwa gaba, kowane motsi da numfashinsa. Ta ce sunan abin yoga, daga Indiya ya fito, can wasu suna haɗa shi da addininsu, amma ita miƙa da numfashi kawai ta ɗauko, yadda muke shan ƙwayoyinsu ba tare da mun bi addininsu ba.

Wallahi 'yan uwa, ni na ga aiki. Ba dare ɗaya ba, a hankali. Bayana da keke ya ƙage ya saki. Na fara cin tuwo in nemi ƙari. Barci ya dawo, har Inna ta koma tsokanata wai ina minshari. Faɗan da nake yi da yaran gidan a kan abin da bai kai ya kawo ba ya ragu. Ranar da na ratsa kasuwar Kaura ni kaɗai, babura suna wucewa ta dama da hagu, na sayo zare na dawo da ƙafata, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Wurin da nake yi wani siririn lungu ne tsakanin ɗakinmu da katanga, tsawonsa ya miƙe gabas da yamma, mutum ba ya iya juyawa ta wata fuska. Simintin santsi gare shi, tabarma zamewa take, shi ya sa nake shimfiɗa buzun Baba. Lokaci kuwa ba ni na zaɓa ba. In na yi sallar asuba na yi azkar, na share tsakar gida na dama koko, ɗan sararin da nake samu kafin masu ɗinki su fara sallama ke nan, rana tana ɓullowa. Ku riƙe wannan, a kansa aka yanka ni.

To, sai Hafizu.

Ɗan Shinkafi ne, direba, yana jan Golf tsakanin Kaura da garinsu. Ɗinkin ƙanwarsa ya kawo, daga nan ɗinki bai sake ƙarewa a gidansu ba. Dogo, mai wushirya, kullum hularsa a karkace, ƙamshin turarensa yana riga shi shigowa zaure. Ban ɓoye masa komai ba. Tun zuwansa na uku na gaya masa ciwona da maganina. Dariya ya yi ya ce shi ma ai bayansa kashe shi zai yi, ramukan hanyar nan sun gama da ƙugunsa. Na tura masa bidiyo. Shi yake saka min data ma in sauke sababbi.

Har yau saƙonninsa suna cikin wayata.

"Likitata, na yi na durƙuson nan. Yau ko man zafi ban shafa ba."

Akwai hoton da ya turo min, yana cikin ɗakinsa da singileti, tafuka a ƙasa, ƙugu a sama, hula ta faɗo gefe. A ƙasa ya rubuta, "In kika nuna ma wani, na fasa auren." Ni ma na yi ta dariya a ranar, sakarya.

Magana ta je gaban manya, aka kawo gaisuwa, saura sa rana. Kun dai san al'ada, kafin a kai nan dangin namiji sukan turo mace ta zo ganin yarinya, kuma ba da rana tsaka ba lokacin da ta sha kwalliya. Da sassafe ake dirowa ba sanarwa, a ga ko tana tashi da wuri, ko tsakar gida a share yake, ko fuskar da aka gani a zaure ita ce ta gaskiya. Ni an gaya min za a zo, ba a dai ce yaushe ba, kuma ban damu ba, don na san shara ba za ta kayar da ni ba.

Gwaggo Ladidi suka turo, yayar babansa. Ta kwana a Kaura wurin 'yarta, gari na wayewa ta shigo. Inna tana banɗaki, matar Kawu ta ce mata, "Rahina na nan baya." Ita kuwa ba ta jira an kira ni ba.

Ku tsaya a inda ta tsaya ku gani. Yarinya da dogon wando da riga, ba hijabi. A kan buzun salla. Fuska a gabas, goshi a ƙasa. Rana kuma ga ta tana leƙowa ta saman katanga, daidai lokacin da duk wanda ya taɓa zama a Islamiyya ya san an hana salla.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Na ɗago a firgice. Tana tsaye da lulluɓi ruwan ƙasa, carbi a hannu, ta ja baya har ta taka butar Inna.

"Ɗiyag ga, mi kika yi haka? Wa kika yi ma sujada?"

"Gwaggo ina kwana. Ba sujada ba ce, motsa jiki ne."

"Motsa jiki bisa buzu? Rana na hitowa? Ke, ni za ki gaya ma sujada? Tun ba a haihi uwakki ba nike yin ta!"

Kokon da Inna ta zuba mata ko kallonsa ba ta yi ba. Kafin azahar labari ya isa Shinkafi, kafin la'asar ya dawo Kaura da ƙafafu. Wai ina bautar rana. Wai aljanun dajin Zurmi ne suka biyo ni, su nake yi wa gaisuwa kowace safiya. Ƙanwar Hafizu, wadda na yi wa ɗinki har da aikin wuya kyauta, ta shiga waya ta binciko cewa a cikin yoga akwai abin da ake kira gaisuwar rana, ta karanta wa tsofaffin gidansu. Ni ban taɓa jin sunan ba sai a bakinsu.

Da yamma na kira shi.

"Hafizu, ka gaya masu mana. Kai ma kana yi."

"Rahina, ba ki san gidanmu ba. In na buɗe baki yanzu cewa za a yi kin shanye ni. Ki bari ƙura ta lafa."

"To me suka ce?"

"Ki daina kawai. A kai ki ruƙiyya. In an ɗaura, kin shigo ɗakinki, wa zai gan ki?"

Na ajiye wayar. Wata zuciyar ta ce min, Rahina, mutumin da ya kasa faɗin kalma ɗaya a kanki yau, gobe me zai iya? Na ce mata ta yi min shiru, ina son sa.

Inna ma ta zaunar da ni. Idonta ya kumbura.

"Rahina, mu baƙi muke garin ga. Ba mu da gona, ba mu da uba. Yaro ya hito da mutunci, kak ki bari miƙe-miƙe ya raba ki da shi. Ki yi haƙuri ki bari."

Ta naɗe buzun Baba ta saka a ƙasan akwatinta ta kulle. Aka kai ni wurin malam ya yi min karatu, ban faɗi ba, ban yi ihu ba, ya ce shi bai ga komai a jikina ba. Wannan maganar ba wanda ya kai ta Shinkafi, don ba ta da daɗin ɗauka.

Na daina. Ko miƙa na yi da safe sai matar Kawu ta leƙo. Makonnin da suka biyo baya, duk abin da na kora ya dawo ya same ni a inda ya bar ni. Wuya ya ɗaure, barci ya gudu, tuwo ya koma ƙasa a bakina. Anti Fauziyya ta zo karɓar ɗinki ta dube ni ta ce, "Ko a zaune ne ki riƙa yin numfashin, ba mai gani." Ina yi, amma a sace, da kunne a ƙofa, kuma abin da ake yi da tsoro ba ya korar tsoro. Hafizu kuwa kullum saƙo: "Amaryata, kin ga komai ya wuce ko?"

Ranar sa rana ta zo. Na ɗinka wa kaina riga da siket na atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na yi mata hannu mai tattara. Lalle ja a tafuka, baƙi a yatsu. Inna ta turara min mayafi tun jajibiri. An yi shinkafa da miyar kaji, an dama fura da nono, ga zoɓo ya sha ƙanƙara. Mata suka iso a mota, Gwaggo Ladidi a gaba, da goro da alewa a cikin fanteka an rufe da farin ƙyalle. Aka shimfiɗa masu tabarmi a rumfa. Suka ce mazan suna tafe a baya, sun tsaya ɗaukar dangi a Badarawa.

Abin da ba wanda ya tuna, mutanen wannan hanya ba sa tafiya ɗai-ɗai yanzu. Ayari suke yi saboda tsaro.

Aka ce in fito in gaida baƙi. Na ɗauko tire da kofunan zoɓo, kaina a ƙasa, ina taku irin na 'yar mutunci. Ina tsakiyar gida suka karyo kwanar lungunmu, babura sun fi goma a jere, samari suna murɗa totur don a san dangin ango sun iso.

Ban san lokacin da tiren ya bar hannuna ba. Zoɓo ya wanke min siket, kofuna suka tarwatse. Na ga dawa a gabana, na ji ƙasa a bakina. Ƙirjina ya rufe ruf.

"Ga ta nan! Mi nig gaya muku? Iskat ta tashi!" Muryar Gwaggo ce.

"A danne ta!"

"A kawo garwashi, akwai hayaƙi cikin jakkata!"

Hannuwa suka kama kafaɗuna, wata tana tofa min ayatul kursiyyu a kunne, wata tana neman toshe min fuska da mayafi, ni da iska nake nema. A cikin wannan hargitsi ɗan hankalin da ya rage min ya lissafa min abu biyu. In na bari na sume, sun tabbatar da aljanu. In na yi abin da na san zai dawo min da numfashi, sun tabbatar da bautar rana. Ko ta ina na bi, Gwaggo ta ci.

To tunda haka ne, gara in sha iska.

Na fizge jikina na durƙusa a tsakar gidan, gaban tabarminsu. Na ɗora goshi a kan siminti na miƙa hannuwa gaba. Na ja ta hanci, ta ƙi shiga. Na sake ja. Gidan ya yi tsit, sai salatin Gwaggo. Can na ji an ɗaga kaina a hankali an tura wani abu mai laushi ƙarƙashin goshina. Tun kafin in buɗe ido na gane warinsa. Inna ce ta buɗe akwati ta ɗauko buzun Baba, ta durƙusa kusa da ni ta ɗora hannu a bayana.

"Ja a hankali, ɗiyata. Awa kina hura kunu."

Ashe tun lokacin da Anti Fauziyya take koya min tana jin mu ta taga.

Iska ta shiga. Ta sake shiga. Yatsuna suka saki, dawar ta ɓace, na ga tsakar gidan Kawu da kofuna a zube. Na tashi zaune na gyara ɗankwalina. Ba hayaƙi, ba danniya, ga ni garau a gabansu, kuma na ga wata daga cikin matan tana kallona da wani irin ido, kamar tana son ta tambaye ni yadda ake yi. Ba ta samu dama ba.

"Kun gani da idonku," in ji Gwaggo. "Har uwat na taya ta."

Na ce, "Gwaggo, ciwo ne na samo ranar da aka kashe babana, wannan kuma maganinsa ne. Ban taɓa yi wa kowa sujada ba sai Allah. Ki kira Hafizu ki tambaye shi. Ya sani tun farko."

"Hafizu? Ɗanmu?"

Ta zaro wayarta daga lalita ta miƙa wa 'yarta ta kira, aka saka a sifika. Ana jin hayaniyar tasha a bayansa, wani yana kiran Shinkafi mutum ɗaya.

"Hafizu, ga ni gidan su yarinyag ga. Ta yi abin nata gabanmu. Ta ce wai ka san da shi tun hwarko. Ka sani?"

Na ƙura wa wayar ido. Wallahi a lokacin ko "e" kawai ya ce, da na yafe masa duk makonnin nan.

Ya yi gyaran murya.

"Ni Gwaggo? A'a. Ni dai ta ce min tana da ciwon baya. Ban san abin ya kai haka ba."

Wayata tana ɗaki a kan keke, da hotonsa a ciki, ƙugu a sama. Taku kaɗan ne tsakanina da ita. Ban tashi ba. Ba tausayinsa na ji ba, kada ku ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. Gani na yi ko na wanke kaina da hoton, ladan da zan samu shi ne in auri mai wannan muryar.

Gwaggo ta mayar da farin ƙyallen kan fanteka, 'yarta ta ɗauka. Mazan da ke waje ko zama ba su gama yi ba aka ce su tashi. Baburan suka sake tashi gaba ɗaya, na dafa cikina na bi numfashina har ƙararsu ta ɓace. Shinkafar maƙwabta aka rarraba wa. Kawu Magaji ya wuce ni ko kallona bai yi ba, abin ya fi zagi ciwo. Inna ta wanke siket ɗin har sau biyu, jan zoɓon bai fita ba.

Bayan la'asar ina zaune a bakin keke wayata ta yi ƙara. Saƙon Hafizu ne.

"Rahina ki fahimce ni, a gaban mutane aka tambaye ni."

Na kifa wayar a kan keke. Wani saƙon ya shigo.

"Da kin daure na minti kaɗan ai da yanzu an sa rana."

Na karanta wannan har sau uku. In daure. Wato in daina numfashi kaɗan don kada danginsa su ji kunya. Ina cikin kallonsa saƙo na uku ya shigo.

"Don Allah hoton nan ki goge shi."

Sai na huɗu, kuma ku yarda da ni, ban ƙara ko wasali a kai ba:

"Kuma bayana ya riƙe tun safe, ta gefen hagu. Wanne kika ce in riƙa yi in ya kama nan?"

Na yi dariya har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya, sai ta tarar hawaye ne. Na goge fuskata da gefen mayafin da ta turara min, na rubuta masa:

"Ni ban san abin ya kai haka ba. Tambayi Gwaggo Ladidi, akwai hayaƙi a jakarta."

Washegari na idar da asuba, na yi shara, na dama koko. Da na zagaya lungu na tarar an riga ni. Inna ta shimfiɗa buzun da kanta, tana tsaye a gefensa ta ɗaure zani a ƙirji, tana kallon ƙasa kamar yarinyar da aka kai makaranta yau.

"Ni ma tun ranad da anka kashe babanki ban yi barcin kirki ba," ta ce. "Nuna min inda a ka hwarawa."